Sunana a Gilashi

Haruffa huɗu kaɗai na iya rubutawa
ranar da motar albasa ta sauke ni a Mil Tuwel:
S da A da L da E.
Malam Barau ya koya mini su a Illela,
ajin dare, da guntun alli, a bayan faranti.
Sale. Sunan da aka raɗa mini da ɗan akuya,
don rago ya yi tsada a shekarar.

Wata uku ina dako ban leƙa gari ba,
sai wata Asabar cikin Disamba
Ɗan'azumi ya ja ni Balogun.
Saukarmu daga danfo ke da wuya
sai ga ni a gilashi.
Ba fuskata ba, sunana.
Ja wur, kowane harafi ya kai tsayin yayayye,
a shagon takalma, a shagon leshi,
har mai tukwane ya rataye ni da igiya.

Na ce, "Ɗan'azumi, wa ya gaya musu na iso?"
Dariya ta kusa jefa shi a kwata.

Madam Ronke ce ta warware mini,
da Hausarta ta Agege mai ɗingishi.
"Ba Sale ba, aboki. Sel."
Ta haɗiye wasalin ƙarshe kamar ƙwayar magani.
"Kaya ya daɗe, kuɗi ya sauka.
Na dubu goma jiya, yau dubu bakwai."
Na ce, ashe rangwame ne ya sa kwat.
Mu a gida sai an yi ciniki, an yi albarka,
an juya baya, an kira ka ka dawo,
kafin a rage maka sisi.
Nan kuwa takarda ke yin ragin,
ba gaisuwa, ba rantsuwa, ba "don darajar iyayenka".

Ɗan'azumi ya raɗa mini a kunne:
"Yi hankali. Wani daren jiya ya ɗaga farashin,
da safe ya zaftare, ya ce garaɓasa.
Araha ba ta ado,
kuma ba kowane ja ne nama ba."

A hanyar dawowa, wajen Ebute Meta,
na sake ganina a jikin katanga,
baƙin fenti wannan karon, da 'yan rakiya a gabana:
NOT FOR SALE.
Na ce, "Wannan fa?"
Ya ce, "Cewa suka yi gidan ba na Sale ba ne."
Na ce, "Yo, na ce nawa ne?"
Sai da muka wuce Yaba ya faɗi gaskiya:
ba na sayarwa ba ne, don 'yan damfara aka rubuta.
Kalma ɗaya, aiki biyu.
A gilashi tana cewa shigo,
a katanga tana cewa wuce.

Na sayi takalmin dai.
Na Hansai ne, ruwan hoda, mai igiya,
ya fi ƙafarta da yatsa biyu,
amma ƙafar yaro ba ta jiran kowa.
Aljihuna ya sale kamar gwiwar da ta sha ƙasa,
ban ji zafi ba sai da dare.

Yanzu idan la'asar ta yi a kasuwa,
motoci sun ragu, mu 'yan dako mun yi yawa,
buhun da na ɗauka ɗari biyar da safe
wata ta ce ɗari uku ko ta kira wani,
nakan tuna gilashin nan.
In naɗe gammo, in duƙa.

Amma in ta tambayi sunana,
ba na haɗiye komai.
Ina ja shi har ƙarshe, yadda inna ke ja
in ta kira ni daga bakin rijiya:
Saaa-lee.